Kwalabe Ukun da Ka Cika

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ana shirin sallar azahar, Allah Ya karɓi abinsa. Mijin yayata, kuma maigidana a wurin aiki, mutumin da matuƙan ƙananan jirage ke kira Mai Kunne, ya durƙusa zai yi alwala a bakin famfon ma'ajiyar mai, bai sake tashi ba. Kafin mota ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Na maimaita wannan a ranar har ban san adadi ba, ina jin bakina yana faɗa, ni kuwa ina gefe ina saurare.

Yaya, kamar yadda na saba kiranka, gara in gaya maka gaskiya tun daga farko, tunda kai ba ka son kwana-kwana. Ban yi kuka ba. Na ɗauki makara, na shiga kabari na karɓe ka, na zauna kan tabarma ina amsa gaisuwa. Da aka kawo abinci na ci har na ƙoshi. Mutane suna ta yaba tawakkalina, wani dattijo har dafa kaina ya yi ya sa mini albarka. Ba tawakkali ba ne. Na laluba cikin ƙirjina ban tarar da komai ba, ba zafi ba sanyi. Abu ɗaya ne kawai yake ta dawo mini a rai, ko ina tsakiyar amsa gaisuwa: kwalabe ukun da ka cika da safiyar ranar, ka jera a kan kantar ɗakin gwaji, ka ce mini sai bayan salla.

Wanda bai san aikinmu ba zai ce wannan wace irin magana ce a ta'aziyya, don haka bari in yi bayani. Ƙananan jirage masu farfela, irin na feshin gona da na koyon tuƙi da na ɗauko marasa lafiya daga nesa, ba kananzir ɗin manyan jirage suke sha ba. Fetur suke sha, amma ba irin na mota ba. In mai ya shiga injin aka matse shi, so ake ya jira tartsatsin fulogi kafin ya kama. Mai marar kyau ba ya jira, da kansa yake fashewa, sai injin ya riƙa ƙwanƙwasa daga ciki har ya ci kansa. In a mota ne, sai ka gangara gefen titi ka kira bakanike. A sama babu gefen titi. Shi ya sa a ma'ajiyarmu ake ƙara wa man wani sinadari da ake kira aiso-okten, don ya sa shi haƙuri, kuma ba a buɗe tanki a sayar sai ɗakinmu ya gwada ya ce ya yi.

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinka, ban manta ba, ka zari tsinken tsintsiya ka kakkarya a kan tebur, don ashana ba ta ƙetare ƙofar ma'ajiya. Ka jera wasu a miƙe, ka ce wannan shi ne sinadarin heften, sarkin gaggawa. Ka jera wasu da rassa a gefe da gefe, ka ce wannan shi ne aiso-okten. Dangi ɗaya ne, in ji ka, ƙira ce ta raba su: miƙaƙƙen da an matse shi ya fashe, mai rassan kuwa sai ya jira lokacinsa. Sannan ka dube ni sama da ƙasa ka ce, daga gani ni miƙaƙƙe ne, amma za a yi ƙoƙari. Na yi karatun abin a makaranta shekara da shekaru, amma a kan teburin nan ya zauna mini.

Daga waɗannan biyun ake haɗa man awo iri biyu, ɗaya ƙasa kaɗan da abin da ake nema, ɗaya sama kaɗan. Sai a ƙona su a tsohon injin gwajinmu mai silinda ɗaya, a ƙona wanda aka ɗebo daga tanki, a ga inda ya faɗa tsakaninsu. Akwai allura da ke nuna ƙarfin ƙwanƙwasar, amma rawa take yi, ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ido da kunne sun haɗu kafin mutum ya yanke. Iyakar abin da ƙa'idar kamfani ta ce ke nan. Sauran kai ka ƙirƙiro. Sai ka shiga ƙuryar ɗaki ka rufe ƙofa, ka cika kwalabe uku masu duhu, iri ɗaya, ba alama ba rubutu, tun kafin a sa wa man tankin shuɗin launinsa, lokacin da duka suke fari fat kamar ruwa. Kai kaɗai ka san wacce ce wacce, kuma a kanka kake ajiyewa. Ni ke tayar da injin, in ƙona su ɗaya bayan ɗaya, in faɗi abin da na ji. Kana tsaye a bayana, hannu a goye. Kalma biyu gare ka: ko ka ce haka ne, ko ka ce sake.

Na taɓa yi maka ƙorafi cewa wannan ɓata lokaci ne. Ka ce duk wanda ya san wace kwalba ce ta tanki, ya kuma san matuƙa suna waje suna jira, to kunnensa zai karkata ba tare da ya sani ba, kuma ba ka cire kanka daga ciki ba. Don kada in saba, wani lokaci sai ka zuba abu ɗaya a kwalba biyu, wani lokaci ka ƙi sa na tankin gaba ɗaya. In na faɗa ramin, ba ka yi mini faɗa. Dariya kake yi, irin wadda kafaɗa ke rawa ba sauti, sannan ka kai labarin gida, yayata da yara su sa ni a gaba.

Tsokana tsakaninmu ta girmi aikin. Da ka auri yayata ina makarantar sakandare, na rako kayanta, na ga ɗakin da ke kusa da zaure babu kowa, na ajiye jakata. Tun ranar ka sa mini Ɗan Rakiya, kana gaya wa baƙi cewa mutum ɗaya ka nema aka haɗa maka da gyara. Furfura ta fito mini, 'ya'yana sun shiga makaranta, ba ka canza mini suna ba. Amma kai ka tsaya a matsayin uba ranar aurena. Kuma lokacin da matata ta haihu ɗan bai zo da rai ba, kowa ya zo da magana, kai ka zo da sukundireba. Ka zauna a ƙofar ɗakina kana gyara marfin da ya daɗe yana ƙara, ba ka ce mini uffan ba, har rana ta yi sanyi. Da za ka tafi ka buɗe shi ka rufe, ka ji shiru, ka gyaɗa kai. A lokacin na ga abin wani iri. Yanzu da na zauna kan tabarma ana ta yi mini magana, na gane abin da ka yi.

Kunnen nan naka bai san an tashi daga aiki ba. Muna cin abinci sai ka ɗaga hannu a yi shiru, ashe janaretan maƙwabci kake saurare, kuma sai ka tashi ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ka gaya masa ya canza gidan man da yake saye. Masu babur na layinku in sun hango ka sai su kashe injin su turo, wai kada a yi musu wa'azi. Yayata ta kafa maka ƙusa a waje don rigar aiki, ta ce ba za ta kwana da warin fetur ba. Ka bi doka, amma kullum sai ka tsaya ka yi wa rigar sallama da babbar murya don ta ji.

Matuƙan da suka zo gaisuwa sun tuna mini da shekarar da tsuntsaye suka sauka a gonaki, jiragen feshi suna tashi ba hutu, tanki ɗaya ya ƙi cin gwaji. Wani matuƙi ya shigo har ɗakinmu yana huci, ya ce manoma na asara mu muna wasa da kwalabe. Ba ka yi musu da shi ba. Ka ba shi kujerarka, ka sa na ƙona man a gabansa, ka matse injin sannu a hankali har ƙwanƙwasar ta cika ɗakin. Mutumin ya san ƙarar, ya taɓa jin ta a sama. Ka cire rigarka ta sama, ka fita da kanka cikin rana aka ƙara wa tankin aiso-okten aka juya, muka sake gwadawa, ya ci. Sannan ka ɗauki matuƙin a motarka ka kai shi bakin jirginsa. Shi ne ya fara kiranka Mai Kunne. Ranar jana'iza na gan shi a sahun baya, ya tsufa, yana share fuska da hula. Na dube shi ina mamakin yadda abin yake zo wa wasu da sauƙi.

Ƙarshen shekarar nan za ka yi ritaya, kuma manaja ya riga ya ce ni zan riƙe ɗakin. Na gaya maka ba zan iya ba. Ba kunya ba ce ta sa na faɗa. A duk tsawon aikina ban taɓa sakin tanki ba sai na ji muryarka a bayana, kuma ban san ko ina da kunne ba, ko kuwa naka nake ara. Ka ce za mu gani. Iyakar abin da ka ce ke nan, sai ga Talata.

Da aka tashi daga zaman makoki na koma aiki. Kwalaben suna inda ka bar su. Sabon tanki yana rufe yana jiran gwaji, tsohon kuma yana ta ja baya. Manaja mutumin kirki ne, ya zo gaisuwa, ya ba ni lokaci, sannan ya same ni a ɗakin ya yi magana a hankali. Ya ce makarantar tuƙi ta rage tashi, likitocin jirgin marasa lafiya sun fara bugo waya. Ya ce in zubar da waɗannan, tunda mai sanin sirrinsu ya tafi, in ɗebo sabo in haɗa da kaina. Na ce to. Washegari ma na ce to. Sai in zo da safe, in goge injin, in goge kanta ina kewaye gindin kwalaben da tsumma, in zauna har a tashi.

Zubarwa na kasa, don su ne abu na ƙarshe da hannunka ya yi. Ƙonawa kuma tsoro nake ji. In na ƙona na faɗi amsa, babu mai cewa haka ne. In kuma na saurara ban ji komai ba, to ta tabbata kunnen naka ne, an binne shi, kuma mutane za su riƙa hawa sama da man da kurma ya saki. Na san mai ba ya jiran mutum, ko a rufe yake ƙarfinsa na raguwa. Na sani, ina zaune ina kallo.

Yayata ce ta tashe ni. Na kai mata takalmanka da kwanon abincinka da suka rage a wurin aiki. Tana zaune a tsakar gida, ita ma idonta a bushe, tana ninke wanki tana warwarewa. Ta karɓi kwanon ta buɗe ta rufe. Ta tambaye ni ko ka faɗi wani abu a ranar, na ce ka ce sai bayan salla. Ta ce me za a yi bayan sallar. Na ba ta labarin kwalaben, ina jin kunyar kawo mata zancen fetur tana cikin takaba. Sai ta ce:

"Auta, shi ya cika su?"

Na ce shi ne.

"To ai kai ya cika wa. Je ka ƙarasa masa. Ka san ba ya son a bar abu rabi."

Da safe na shiga na rufe ƙofa. Na tayar da injin na bar shi ya yi zafi. Na ɗauki ta hagu na juye, na matse injin har ya fara ƙwanƙwasa, na kafa wa allura ido, na riƙe ƙarar a kaina. Na juya zuwa ta tsakiya. Allura ta yi rawarta ta dawo inda take. Ƙarar ba ta canza ba. Na ce wataƙila biyu ka yi iri ɗaya, ka saba. Na juya zuwa ta dama, ina jiran injin ya ƙara tsawa ko ya lafa. Bai yi ko ɗaya ba.

Gumi ya karyo mini. Abin da nake tsoro ke nan, ga shi ya zo. Na wanke bututun, na duba fulogi, na sake zagayawa da ragowar man, hagu, tsakiya, dama. Na rufe ido na saurara, na buɗe na dubi allura. Ɗaya. Sai zuciyata ta fara nemo mini bambanci: kamar ta tsakiya ta ɗan fi laushi, kamar ta dama ta ɗan fi kaifi. Da na so, da na ji shi. Manaja yana jira, likitoci suna jira, kuma babu wanda zai ƙaryata ni a duniya. Har bakina ya buɗe zai ce ta tsakiya. Sai na tsaya, don ban ji ba. Man yana ƙarewa, injin ya fara shaƙewa. Na faɗa da ƙarfi, yadda na saba faɗa maka don ka ji ta saman ƙara:

"Ban ji bambanci ba, Yaya. Duka ukun abu ɗaya ne."

Injin ya mutu. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarfe da ke ɗan ƙara yana hucewa. Na tsaya ban waiwaya ba, na daɗe a haka.

Daga baya na yi abin da ban yi ba tun rasuwarka, na buɗe ƙuryar ɗakinka. A cikin firiji ga gwangwanin man da aka ɗebo daga sabon tanki, hatiminsa ko taɓawa ba a yi ba. Kusa da shi ga babbar kwalbar man awo guda ɗaya, saura kaɗan a gindinta. Daga ita ka cika duka ukun. Ba ka taɓa yi mini wannan ba. Sai a lokacin na tuna da safiyar Talata, da ka fito kana jera su, ka ƙi yarda mu haɗa ido.

Ashe tarko ka ɗana mini ka tafi alwala. Da kana da sauran kwana, da ka dawo ka tsaya a bayana, hannu a goye, kana kallon ƙeyata tana gumi. In na ƙirƙiro bambanci, ka samu labarin kai wa gida. In na faɗi gaskiya, ka samu amsar maganar da na yi maka ta ritaya. Ko ta ina kai ke da riba. Na zauna a kan kujerarka da gwangwanin a hannu, ina jiran dariyar da ya kamata a yi a ɗakin nan, babu mai yin ta. Na ɗauke ka a kafaɗa, na zuba maka ƙasa da hannuna, amma a kan kujerar nan na san ka mutu. Hawaye bai zo ba, har yanzu da nake rubutu bai zo ba. Ina nan dai a zaune har aka kira azahar. Ina kewarka, Yaya, kewa mai nauyi, kuma ban san inda zan ajiye ta ba.

Da yamma na roƙi abokiyar aikinmu ta sashen kananzir ta shiga ƙuryar ta cika mini kwalabe. Ta yi mamaki, amma ta yi. Tankin ya ci gwaji, aka sa masa launi, aka buɗe shi. Jirgin marasa lafiya ya tashi washegari, na ji wucewarsa ta saman rufinmu, injinsa lafiya lau. Na gaya wa manaja zan riƙe ɗakin. Da na ba yayata labarin, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata maka kabarinka Ya haskaka shi. Duk wanda ya tashi sama da man da ka gwada ya sauka lafiya ya koma wa iyalinsa, bai san sunanka ba, Allah Ya san shi, Ya sa maka a mizani. Ga yayata, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya, Ya zama gatanki. Ga yaran, Allah Ya raya ku a kan halin mahaifinku, kuma ƙofata taku ce, yadda tasa ta zama tawa. Ga 'yan'uwansa, da abokan aiki, da matuƙa, da maƙwabtan da ya dama da zancen janareta, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Na ba da amsa, Yaya, ko da na makara. Kai ma yanzu an yi maka taka tambayar, a inda babu mai tsaya wa wani a baya. Allah Ya sa ka amsa daidai.